Koyar da lissafi da aikin hannu a kolej da lise: tambayoyi da amsoshi daga Tawa

Ƴan'uwa malaman lissafi, musamman matasa ƴan kwantaragi da aka turo jihar Tawa, sukan yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya a kan yadda za a sa ɗalibai su taɓa lissafi da hannunsu. Iyaye ma suna da nasu. Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa, na amsa su gwargwadon abin da na gani a aji da farfajiyar makaranta.

Me ake nufi da aikin hannu a darasin lissafi?

Darasi ne da ɗalibi zai yanka, ya auna, ya ɗaura, ya zuba, kafin a ba shi ƙa'ida. Amma ba duk fita waje da igiya ce ta cancanci sunan ba. A wurina sai abu uku sun cika. Da farko kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa a kaye tun ba a taɓa komai ba. Sannan a yi aikin, a samu alƙaluma na gaskiya. Daga ƙarshe a koma kan benci a mai da abin da aka gani zuwa rubutun lissafi, da harafi da ƙa'ida da hujja. Malamin da ya tsaya a na biyu, yara sun ji daɗi, amma ranar jarrabawa babu abin da zai biyo su cikin ɗaki. Na ukun nan shi ne darasin, na farko kuwa shi ke sa yaro ya damu da amsar, don ya riga ya sa bakinsa a ciki.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, ba ta da kuɗi. Da me zan yi?

Malam, duba bayan ajinka. Akwai yashi, akwai karan dawa, akwai tsakuwa. Kwalin taliya ko na sabulu mai shago zai ba ka kyauta. Igiya, zare, ƙusa, gwangwanin madara, marfin kwalba, duk ɗalibai za su kawo daga gida idan ka faɗa musu tun kwana biyu kafin darasi. Abin da ya kamata a saya shi ne tef ɗin awo irin na tela, ko guda goma ne, da almakashi kaɗan. Wannan kwamitin kula da makaranta zai iya ɗauka, idan ka kai musu lissafin a rubuce. Ka samu buhu guda ka riƙa tara kayan a ofishin shugaban makaranta, don shekara mai zuwa kada a fara daga farko.

Wane aiki zan fara da shi?

Akwatin kwali. Shi nake ba duk wanda ya tambaye ni, don yana aiki daga ajin turwaziyem har tarminal, kuma ba ya buƙatar fita rana.

Kowace ƙungiya ta yanko kwali murabba'i, santimita 30 kowane gefe. Za a cire ƙaramin murabba'i a kusurwoyi huɗun, a naɗe gefuna sama, a samu akwati marar murfi. Ƙungiya ta farko ta cire santimita 1, ta biyu 2, ta uku 3, haka har 10 ko 12. Kafin almakashi ya taɓa kwali sai ka tambaya: akwatin wa zai fi cin yashi? Za ka ji aji ya rabu. Wasu za su ce mai faɗin nan na santimita 1, wai ya fi baki. Wasu za su rantse mai zurfin ne. Akwai kuma masu cewa duk ɗaya ne tunda kwalin ɗaya ne, kuma waɗannan su ne suka fi ba ni sha'awa, don tunani suka yi, ba caɓe ba. Kowa ya rubuta nasa.

Sai a kawo yashi busasshe da gwangwani guda na awo. A jera akwatunan a kan teburin malami, a cika, a shafe baki da rula. Idon kowa zai ga yashin yana ƙaruwa daga akwati zuwa akwati, ya kai wani wuri, ya fara raguwa. Yanzu a koma kaye. Idan x ne abin da aka cire, gindin akwati 30 − 2x ne kowane gefe, zurfinsa x, don haka abin da yake ci shi ne x(30 − 2x)². A awon santimita kubik, da 1 ana samun 784, da 2 ana samun 1,352, da 3 kuma 1,728, da 4 1,936, da 5 2,000 cif, wato lita biyu, da 6 ya sauko 1,944, da 10 ya koma 1,000.

Ɗan kolej ya tsaya a nan, ya zana jadawali da layin da ke hawa ya sauka. Ɗan faramiyer kuwa sai ka tsokane shi: wa ya ce 5 ne ƙarshe, me zai hana 4.8 ko 5.3 su fi shi? Yashi ba zai iya raba wannan gardama ba, bambancin ya yi ƙanƙanta. A nan ne deribe, wato lissafin da ke nuna saurin hawa ko saukar layi, ke shigowa a matsayin mai raba gardama. Na akwatinmu shi ne (30 − 2x)(30 − 6x), wanda ke zama sifili a 5 da 15, kuma a 15 babu akwati sam. Yaron da ya ga tudun nan da idonsa ba ya sake tambayar me ya sa ake neman inda deribe ya zama sifili.

Ajina ɗalibai 90 ne. Ba hayaniya kawai za a yi ba?

Za a yi hayaniya, wannan babu makawa, kuma ka sanar da maƙwabcin ajinka tun da wuri. Abin da ke hana ta zama rikici shi ne kowa ya san aikinsa. Ƙungiyar mutum shida, benci biyu su juyo su fuskanci juna: mai awo, mai riƙewa, mai rubutu, mai lissafi, mai duba lissafin, da mai tashi ya faɗa wa aji. Ka zana jadawali babba a allo tun kafin su shigo, kowace ƙungiya da layinta. Kayan aiki kuma kada su fito daga buhu sai an gama rubuta hasashe, in ba haka ba babu mai saurarenka.

Yawan nan ma yana da ranarsa. A darasin ƙididdiga da na yiwuwa, mai ɗalibai 90 ya fi mai 20 samun alƙaluma cikin minti goma.

Manhaja ta yi yawa, ga brebe ga bak. Ina lokacin?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ban yarda da masu cewa kowane darasi sai an yi aikin hannu ba. Shekarar karatu daga Oktoba zuwa Yuni ce, ga ranakun da ke zubewa. Ni ra'ayina aiki guda a bakin kowane babban babi ya isa, awa ɗaya, wani lokaci rabin awa. A ajin jarrabawa ma a rage. Inda ya fi dacewa a zuba ƙarfi shi ne sizyem zuwa katiryem, da sagwand da faramiyer, inda ake aza tubalin abin da za a tambaya daga baya. Awar da ka kashe a kan akwatin kwali za ta dawo maka, don duk sanda aka zo lissafin neman mafi girma ko mafi ƙanƙanta, kalma biyu za ka faɗa, "tuna akwati", aji ya gane inda aka dosa.

Me za a iya yi da inuwa da rana?

A Adar rana ba ta yi mana rowa ba, sai mu mora. Mafi sauƙi shi ne ƙa'idar Tales, wadda a nan take nufin tsawon abu da na inuwarsa kaso ɗaya suke bi ga duk abin da ke tsaye a lokaci guda. A kafa sanda mai mita 1 a tsaye, a auna inuwarta, a lokaci guda wasu su auna inuwar sandar tuta ko ta ginin makaranta. Idan inuwar sanda santimita 80 ce, ta tuta kuma mita 6.4, tsawon tuta mita 8 ne. Wahalar duk tana wurin tsayar da sanda daidai, don haka a rataya tsakuwa da zare a gefenta, irin yadda magina ke yi.

Ga ƴan sagwand, a haɗa ma'aunin kusurwa: abin auna kusurwa na roba da ke cikin kayan zanen kowane ɗalibi, a liƙa masa bututun biro a gefensa miƙaƙƙe, a ɗaura zare da ƙaramin dutse a tsakiya. Ɗaya ya leƙa ƙolin tankin ruwa ta cikin bututun, ɗaya ya karanta yawan digirin da zare ya kauce daga 90. Daga nisan mita 20, idan kusurwa ta ba da digiri 35, tanjan ɗinta, wato tsawo a raba da nisa, kusan 0.7 ne, tsawo mita 14, sai a ƙara tsayin idon mai leƙe daga ƙasa. Kusan kowace ƙungiya tana manta wannan ƙarin. Kada ka faɗa musu. Ka sa dogo da gajere su auna daga wuri ɗaya, su nemo da kansu dalilin da amsarsu ta bambanta.

Wanda na fi so shi ne awon duniya. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, masanin Girka Eratostenes ya kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariya da ta Aswan a ƙasar Masar, ya samu bambancin kusan digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, daga nan ya ƙiyasta kewayen duniya. Mu ma Allah ya ba mu irin wannan dama, don Tawa da Birnin Ƙonni kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu. Wajen 20 ko 21 ga Maris, ranar da dare da rana ke daidaita, kusurwar inuwar tsakar rana daidai take da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu. Tawa tana kusan digiri 14.9, Ƙonni kusan 13.8. Sandar mita 1 za ta ba da inuwar santimita 26.6 a Tawa, 24.6 a Ƙonni. Bambancin digiri 1.1 ne, tazarar garuruwan a miƙe kimanin kilomita 120. A raba 360 da 1.1, a ninka da 120, a samu 39,000 da ɗoriya, alhali kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne. Abin da kake buƙata kawai abokin aiki a wata makarantar Ƙonni da kiran waya guda.

Hattara da abu biyu. Tsakar rana ta gaskiya a Tawa ba ƙarfe 12 ba ce, a wannan lokaci tana faɗowa wajen ɗaya saura kwata, don haka a riƙa sa alama a bakin inuwa duk minti biyar daga 12 da kwata, a ɗauki mafi gajarta. Na biyu, kuskuren milimita 5 kacal yana iya karkatar da amsa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ku yi amfani da sanda mai mita 2, a kan daɓen siminti, ƙungiyoyi da yawa, a ɗauki matsakaici.

Wane lokaci ne ya dace da fita waje?

Nuwamba zuwa Fabrairu, da safe. Ranar da hazo ya rufe, bakin inuwa ba ya fita sosai, a ɗaga aikin. Afrilu da Mayu kuwa kada a tsayar da yara a rana, zafi yana haura digiri 40. Banda guda ɗaya: a ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar kanmu a Tawa, sandar da ke tsaye ta rasa inuwa na ɗan lokaci. Minti biyar ya isa a gani a koma inuwa.

Yaya zan haɗa lissafi da abin da yara suka sani a gida?

Yawancin ɗalibanmu sun ga rabin wata da ake haƙawa a fako don tare ruwa, wasu ma sun riƙe diga sun haƙa, daga Kaita har Illela. Wanda aka fi yi faɗinsa mita 4. A zana shi a farfajiya da turke da igiya mai mita 2, a lissafa filinsa: rabin da'ira, murabba'in mita 6.28. Idan an jera su da tazarar mita 8 a layi da mita 4 tsakanin layuka, kowane ɗaya yana da rabon murabba'in mita 32, hekta guda ta ɗauki kusan 313. Sai babbar tambaya: idan an yi ruwan milimita 20, lita nawa ta sauka a kan rabon rami ɗaya? Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce, don haka lita 640, fiye da tano uku. Ba duka ke gangarowa cikin ramin ba, wani ƙasa ta sha, wani ya tsere, kuma gardamar nawa ne ke isa ita ma darasi ce.

Igiyar magina ma tana nan. A ɗaura ƙulli a igiya tazara daidai har gaɓa 12, yara uku su ja ta 3, 4, 5, kusurwar gini ta fito. Magina da dama suna yi da santimita 60, 80 da 100. A bar ɗalibai su duba kusurwar ajinsu da ita kafin a ambaci sunan Fitagoras.

Ga jerin lambobi, asusu: dala 20 a makon farko, wato sefa 100, kowane mako a ƙara dala 10. Bayan mako 30 an tara sefa 24,750. Kafin ƙa'ida, a jera tsakuwa 1, 2, 3, 4, 5 kamar matakala, wata ƙungiya ta jera irinta a kife, a haɗa su, sai ga murabba'i mai dogon gefe, 5 sau 6. Rabinsa 15. Ƙa'idar n(n + 1)/2 ke nan a ƙasa, da duwatsu.

Darasin yiwuwa fa? Wasu iyaye suna ganin kamar caca ce.

Damuwarsu abar girmamawa ce, kuma babu dalilin kawo karta ko sa kuɗi a aji. Marfin kwalbar lemo ya wadatar, ya ma fi kwabo amfani. Kwabo kowa ya san rabi da rabi ne. Marfi kuwa babu mai iya faɗin sau nawa zai faɗi a kife sai an jefa. Ɗalibai 80, kowa jifa 25, an samu 2,000. A tara a allo benci bayan benci, a riƙa fitar da kason. Da farko yana tsalle, can sama can ƙasa, daga baya ya natsu a kusa da lamba ɗaya. Wannan natsuwar ita ce abin da muke so su gani.

Akwai sanannen lissafin nan na ranar haihuwa, cewa cikin mutum 23 yiwuwar biyu su haɗa rana ta wuce rabi. A ajinmu ba ya tafiya yadda ake so, don yara da yawa takardarsu 1 ga Janairu take ɗauke da ita. Ka musanya da lambobi biyu na ƙarshen wayar gidansu, daga 00 zuwa 99. Mutum 13 sun isa yiwuwar ta haura rabi. Ka tambayi hasashensu tukuna, yawanci 50 za su ce.

Da wane harshe za a yi aikin?

A cikin ƙungiya, ka bar su su yi gardama da harshen da tunaninsu ya fi gudu a cikinsa, Hausa ce, Tamajak ce, Fulatanci ko Zabarmanci. Na sha ganin yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba yana bayyana wa abokansa dalilin da akwati mai zurfi ya gaza, bayani tsaf. Amma abin da zai shiga kaye da allo ya kasance da Faransanci da alamomin lissafi, tunda da su za a yi jarrabawa. Mai faɗa wa aji sakamako shi ke ɗaukar nauyin wannan juyi, shi ya sa ya kamata a riƙa sauya shi.

Malam, ɗiyata ta dawo tana neman kwali da igiya. Karatu ne wannan ko wasa?

Hajiya, ki buɗe kayenta ki duba. Idan kin ga hasashe, da jadawalin alƙaluma, da ƙa'ida a ƙasa, da atisaye biyu ko uku da ta yi ita kaɗai, karatu ne, kuma mai kyau. Idan shafin fari ne, kina da haƙƙin zuwa ki tambayi malamin. Ki kuma sa ta auna miki wani abu a gida, ko randa ko buhun hatsi, ki ji yadda za ta yi bayani.

Tunda an ambaci ɗiya mace, ga kira ga ƴan'uwana malamai. Idan aka bar ƙungiya ta raba aiki da kanta, tef da almakashi hannun maza suke tafiya, a miƙa wa yarinya biro a ce ta fi iya rubutu. Kai ne za ka raba, kuma ka juya shi kowane aiki.

Idan abin da aka auna bai yi daidai da ƙa'ida ba fa?

Ba zai taɓa yin daidai cif ba, kuma kada ka gyara alƙaluman yara a ɓoye. Idan an auna kewayen gwangwani da faifai da bakin tukunya aka raba da faɗinsu, za a samu 3.1, 3.2, wani ma 3.4. A rubuta duka a allo. A tambayi masu 3.4 yadda suka riƙe zaren, sau da yawa za a tarar faɗin ba ta tsakiya suka auna shi ba. A nan ne ɗalibi ke fahimtar abin da ya raba awo da hujja: awo dubu ba ya tabbatar da ƙa'ida, yana nuna mana inda za mu neme ta ne. Ƴan seri C musamman su ji wannan da kyau, kada su fito suna cewa sun tabbatar da ƙa'idar Fitagoras da igiya.

Waya da kwamfuta ba su fi duk wannan ba?

GeoGebra, manhajar zanen lissafi ta waya da kwamfuta, kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba idan an sauke ta, kuma tana da kyau wajen nuna yadda layi ke sauyawa. Idan kana da ita a wayarka, ka nuna bayan an gama aikin kwali. Sai dai waya ɗaya a gaban mutum 90 kallo ne kawai, ga wutar da ba ta da tabbas.

Ina zan ƙara koyo, kuma yaya zan ba da maki?

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 2006 aka fara shirin SMASSE tare da hukumar JICA ta Japan, wanda ya samo asali daga Kenya, aka horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare a kan darasin da ɗalibi ke aiki da kayan da ke kusa. Akwai tsofaffin malamai da masu ba da shawara kan koyarwa da suka bi ta wannan horo, ka neme su. Taron malaman lissafi na makarantarku shi ne wuri mafi kusa: kowa ya gwada aiki guda, ya kawo kayan da takardar darasin, a yi shi tare a ɗakin malamai kafin a kai wa yara.

Maki kuwa, kada ka ba da shi a kan kyan akwati, kuma kada ka hukunta hasashen da bai faɗa daidai ba, in ka yi haka gobe babu mai rubuta abin da ke ransa. Ka karɓi takarda guda daga kowace ƙungiya, ka duba tsabtar jadawali da yadda suka tashi daga alƙaluma zuwa ƙa'ida. Bayan mako guda ka ba da ɗan gajeren gwaji na kowa da kansa, da lambobi dabam: kwali mai santimita 24 maimakon 30. Wanda ya gane zai samo 4, da akwati mai cin 1,024. Idan fiye da rabin aji sun kasa, a sake zama a kan matakin rubutu kafin a shiga babi na gaba.